Kwamfutar Malam Sada da Ta Ƙi Waƙa

Duk wanda ya san Malam Sada na Ƙofar Guga ya san sukudirebar nan mai jan kai da yake soke wa a naɗin hularsa. Da ita yake zuwa ɗaurin aure, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa. Wallahi na ga ranar da muka je neman aure wa ɗan maƙwabcinmu, ana tsakiyar magana, waliyyin yarinya na jero sharuɗɗa, sai Sada ya miƙe ya nufi ƙofar zaure ya hau ɗaure mata ƙusa. Na ja mashi riga na ce, "Sada, don girman Allah zauna, surukai ne." Ya ce, "To surukai ba su son ƙofa? Tun da muka shigo take kuka, ba wanda ya kula ta."

Ni taubashinsa ne, uwarsa Inna Hajjo gwaggona ce, saboda haka tun muna yara nake da lasisin zaginsa, kuma na yi amfani da shi yadda ya kamata. Shi gyaran rediyo da lasifika ya yi a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya, ni kuma na koyar da Turanci a firamare. Abin da ya sa na shiga cikin wannan wahala da zan ba ku labari ke nan, don shi Turancinsa na jikin waya ne kawai.

Bayan sojoji sun koma bariki, ofisoshi suka fara cika da sababbin kaya, ana fitar da tsofaffi. A nan Sada ya samo wata kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, fara ce a da, amma ta koma kalar kunun tsamiya. Ya kai ta shagon wani mai gyara don a zuba mata manhajar da za ta tashe ta. Mutumin ya zaro faifai da rubutun biro a kai. Sada ya ce, "Wannan na wane ne?" Ya ce, "Na kowa ne, Malam, kwafa muke yi." Sada ya ce, "Mai shi ya yarda?" Mutumin ya yi dariya ya ce mai shi yana can bayan teku, ina zai sani. Sada ya naɗe wayoyinsa ya ce, "Ni a ɗakin nan nake nafila. Ba ni ajiye kayan sata kusa da buzuna."

Wata biyu kwamfuta na zaune lulluɓe da zanen matarsa, har wani malamin kwaleji ya ba shi labarin wata manhaja da masu ita suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya buɗe cikinta ya gyara in ya iya. Sada ya sa ya maimaita mashi sau uku. "Halal ce, kuma ana buɗe cikinta?" Ai ranar har gida ya zo ya tashe ni daga barcin rana don ya gaya mani har yanzu akwai 'yan kirki a duniya. Malamin ya zo ya zuba mashi ita, kwamfuta ta tashi.

Abin da bai gaya wa kowa ba sai ni, ba don gayu ya nemi kwamfutar ba. Akwai wani kaset. Lokacin da zai yi aure, mata sun taru suna daɓe mashi ɗaki, suna yayyafa ruwan makuba don daɓen ya yi ƙarfi, suna buga ƙasa da madaɓi suna waƙa, Inna Hajjo ce ke bayarwa ana amsawa. Maza ba su shiga wurin daɓe, sai ɗan banzan ya ɗaura wa sabuwar rediyonsa igiya ya zuro ta ta taga tana naɗar waƙar. Duk duniya nan ne kaɗai muryar Inna ta rage. Kaset ya tsufa, shi ya sa yake son ya juye shi cikin kwamfuta.

Ya kuwa juye. Yana gama adanawa rediyon ta cafke zaren kaset ta tauna shi, ta yi mashi kaca-kaca, aka kuma ɗauke wuta a lokaci guda. Sada ya ce ba komai, ai Inna ta riga ta shiga ciki. Kwana biyu babu wuta. Da ta dawo, ya ce kafin a saurari waƙa sai an fara da na Allah, ya zauna ya sa wata 'yar manhaja mai kiran salla in lokaci ya yi. Sannan ya aika aka kira ni, ya buɗe manhajar sauraren waƙa, ya danna.

Shiru. Ga wasu korayen layuka suna tsalle a fuskar kwamfuta, alamar Inna na waƙa, ga lokaci na tafiya, amma ko ƙis ba ka ji.

Na ce, "Sada, ta lalace." Ya harare ni ya ce, "Ba ta lalace ba, ba a tambaye ta abin da ke damunta ba ne."

Da a ce mu biyu ne kawai, da da sauƙi. Amma akwai Yaya Indo, babbar yayarsa da ke Ƙofar Durbi, wadda duk ƙaramar salla sai ta sa an kunna mata kaset ɗin nan. Kunnenta na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma likita ya ce yana bin sahu, ba zai daɗe ba. Da labari ya kai mata, ta sa aka kira shi. Ina wurin. Ta ce, "Sada, mi na ji? Ka ɗauki uwata ka kulle cikin akwati ka toshe mata baki?" Ya ce, "Yaya, tana nan lafiya, ina ganinta." Ta ce, "Ni ganinta na ce maka ina so? Kai dai tun kana yaro ba ka bar abu yadda ka same shi." Da muka fito ya ce mani, "Mamman, in kunnen nan ya rufe ban fito da muryar nan ba, da wane ido zan dube ta?"

Daga nan gari ya shiga uku. Ya canza waya, ya canza ramin da ake soka ta, ya kwance lasifikar ya sake haɗawa. Ya aro ƙatuwar lasifikar masu tallar maganin gargajiya, shiru. Sai wata rana ya gano wani wuri cikin manhajar inda ake ɗaga murya, ya tarar duk an sauke su ƙasa an kulle, wai haka take zuwa. Ya ɗaga su duka har ƙarshe. Murna ta hana shi gwadawa shi kaɗai, ya fita ya tara mu, ni da Liman da mutanen majalisar ƙofar gida, ya ce yau za mu sha mamaki. Muka jeru a kan tabarma. Ya danna. Layuka suka hau tsalle, mu kuma muna kallon juna. Can sai kwamfuta ta ɓarke da kiran azahar da wata irin ƙara, har akuyar gidan ta tsinke igiya.

Liman ya share hawayen dariya ya ce, "Malam Sada, ai ba lalacewa ta yi ba, tuba ta yi." Shi ke nan magana ta zaga unguwa. Lokacin kuwa ana ta muhawara a gari kan kiɗa da waƙa, sai kowa ya samu abin faɗa. Mai shayi ya ce a kai ta Makka. Wani ɗan siyasa da ya so Sada ya naɗar mashi waƙar kamfe ya aiko a tambaya ko kwamfutar 'yar adawa ce. Sada bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Ku yi ta haushi. Ni abin da na ji shi ne lasifika lafiyarta lau. Wanda ya iya kiran salla ai ba bebe ba ne."

Malamin kwalejin nan ne ya ce akwai wani zaure a intanet inda masu amfani da manhajar ke taimakon juna. Muka tafi shagon intanet da hantsi, ni ke bugawa, shi ke faɗa. Ya ce in fara da sallama, in tambaye su iyali, da gajiya, da ya ruwa, da ya aka ji da jama'a. Na ce, "Sada, ba ka san su ba fa." Ya ce, "Shi ya sa. Ka taɓa shiga zauren mutane ka fara da buƙata?" Gaisuwa ta ci layi goma sha, matsala ta ci uku.

Bayan kwana biyu amsa ta zo daga wani mutum a wata ƙasa mai sanyi. Layi ɗaya tak: ka duba wa ke riƙe da na'urar sauti, ga abin da za ka rubuta. Babu sallama, babu sai anjima. Sada ya ce, "Wannan ba a yi mashi tarbiyya ba." Amma ya kwafe haruffan a bayan takardar magani, ya ninke ya sa a aljihu kamar laya.

A gida ya buga su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, yana kiran sunan kowane harafi. Kwamfuta ta fito da suna guda. Na karanta, na sake karantawa, sai dariya ta kama ni har na kwanta. Manhajar kiran salla ce! Ashe ƙofar sauti ta wannan tsohuwar kwamfuta mutum ɗaya take ɗauka. Ladanin da Sada ya sa, da an kunna kwamfuta yake shigewa ya kama lasifika ya riƙe gam yana jiran lokaci, duk wanda ya zo bayansa sai ya tarar da ƙofa a rufe. Na ce, "Alhamdu lillahi, kashe shi mu ji Inna."

Sada ya janye hannunsa daga madannai. Ya ce, "In kashe mi?" Na ce, "Ladanin mana, na minti goma kawai." Ya ce, "In kori mai kiran salla don a yi waƙa? A ɗakina? Da hannuna?"

Jama'a, ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. Na ce mashi ba mutum ba ne, rubutu ne. Na ce ga masallaci nan taku ashirin da ladani mai rai da tari. Na ce kunnen Yaya Indo ba zai jira taurin kansa ba. Ya ce ya sani, kuma duk da haka ba zai yi ba. Na ɗauki takalmina na ce in na sake taka gidansa a canza mani suna. Kwana uku ban je ba, kuma kwana ukun nan matarsa ta ce ko tuwon kirki bai ci ba, yana zaune gaban kwamfuta ya rafka tagumi.

Liman ne ya raba mu, shi ma ba da niyya ba. Bayan la'asar Sada ya kai mashi ƙarata. Liman ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma Malam Ilu ladaninmu, in ya gama kira, rungume makirufo yake yi har wata sallar? Ajiyewa yake ya tafi kasuwa ya sayar da goronsa." Sada ya miƙe zumbur ya suri takalminsa. Sai ga shi a ƙofar gidana yana kwaɗa sallama kamar ba mu yi faɗa ba. "Mamman, fito! Ba korarsa za a yi ba, koya mashi aiki za a yi."

Nan amfanin manhajar da ake buɗe cikinta ya fito. Ya buɗe rubutun ladanin, ni ina fassara mashi kalmomin da na gane, shi yana bin su da yatsa kamar mai bin waya a bango. Sau biyu muna ɓata shi. Akwai ranar da ya kira magariba da hantsi, Sada ya ce a yi mashi uzuri, sabon ɗauka ne. Sai da muka kwashe mako guda kafin muka gano inda yake kama lasifikar tun farko, Sada ya mayar da wurin can ƙasa, yadda sai lokaci ya yi zai ɗauka, ya gama ya saki.

Na ce to danna mu ji. Ya ce a'a, ba kunnenmu ne ke gaggawa ba. Ya nemo mai kura, aka ɗora kwamfuta da kayanta, shi yana gefe yana riƙe da ƙeyarta, tun daga Ƙofar Guga har Ƙofar Durbi, yana yi wa mai kura faɗa a kan kowane rami. Ni kuma ina baya ina addu'ar kada a ɗauke wuta, kada kuma mu sake jin kunya.

Yaya Indo na zaune bakin gado. Ya haɗa wayoyi, ya ɗauki ƙaramar lasifikar ya kara mata a kunnen dama, ya ce in danna. Na danna.

Tim, tim, tim, ƙarar madaɓi ta cika ɗakin, sai muryar gwaggona ta taso a kai, siririya, da 'yar shaƙewar nan tata. Amma fuskar Yaya Indo ba ta motsa ba, na ce a raina mun makara. Sada ya ƙara murya, ya ƙara danna mata lasifikar. Can sai na ga leɓenta ya fara motsi, tana amshi daidai inda matan ke amsawa. Ana cikin haka Inna ta katse waƙa a cikin kaset ɗin, ta ɗaga murya ta ce, "Ke Indo, ina makubar? Ƙasa na bushewa!"

Tsohuwa mai jikoki ta dafa gado za ta miƙe, ta ce, "Ga ni nan, Inna."

Sada ya juya mana baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Ni ban ɓoye nawa ba, na yi kuka sosai. Sau huɗu ta sa aka maimaita mata ranar, kuma kafin damina ta fita kunnen ya rufe gaba ɗaya.

Yau duk su ukun suna ƙasa, ni da na fi kowa zaginsa ni aka bari ina kewarsa. Ya Allah, ka jiƙan Sada, ka yafe mashi taurin kansa, ka san inda yake kashe shi. Ka jiƙan Yaya Indo da Inna Hajjo, ka haɗa su a inda za su ji juna ba da waya ba. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.