Lomar Taufiƙ

Duk wanda ya bi bakin kasuwar Djamboutou da safe ya san Sadiƙa mai suyar makala, wato fanke. Shekara tara ke nan tana gaban kasko ɗaya, tun kafin Adamu direba ya aure ta. Ba ta san zaman cin abinci ba. Wanda ya fashe a mai, wanda ya ƙone, wanda ya yi kwantai, duk bakinta suke shiga, ta kora da shayi mai sukari, wai kada a yi asara. A haka jiki ya taru mata, har sai ta dafa gwiwa kafin ta miƙe. Mutane kuwa cewa suke Adamu ya iya kiwo.

Ɗanta Taufiƙ, mai shekara biyu da rabi, a gida yake yini wajen kakarsa Hajiya Kaltumi, tare da sauran jikoki biyar.

Ranar Litinin Sadiƙa ta kai shi asibiti awo. Madam Émilienne, ma'aikaciyar asibitin, ta naɗa tef ɗin awo mai launi uku a damtsensa. Ya tsaya kan rawaya, dab da ja.

"Me yake ci?"

"Abin da kowa ke ci, Madam."

"Kin gani da idonki?"

Sadiƙa ta ce ita a kasuwa take yini.

"Ki dawo da shi bayan mako uku. In ya shiga ja, gado za mu ba shi."

Da Hajiya ta ji, sai ta tafa hannu. "Ke dubi jikinki, ki dubi nasa! So kike a ce ana yunwa a gidana? Hannunki ne bai karɓe shi ba. Jumma'a gwaggonsa Sharifa za ta zo daga Bibémi, ta tafi da shi."

Adamu yana hanyar Banyo da kaya, wayarsa ba ta shiga.

Ran Laraba Sadiƙa ba ta hura wuta ba. Ta zauna a ƙofar ɗaki har azahar, aka sauke tuwon masara da miyar yakuwa. Dokar Hajiya ce jikoki su ci a tire ɗaya don su tashi da zumunci. Yara suka kewaye. Taufiƙ ya kai hannu, zafi ya sa ya janye, ya tsaya yana hura yatsu. Manyan kuwa sun san ta gefe ake ɗiba. Kafin tuwo ya huce, sai suɗi. Loma uku ya samu. Ya je randa ya cika ciki da ruwa, ya kwanta kan tabarma. Wannan ne yaron da ake yabo wai ba shi da rigima.

Sadiƙa ta je gaban Hajiya ta durƙusa.

"Hajiya, ina roƙon a riƙa zuba masa a kwano daban."

"A gidana? Yau kwano daban, gobe tukunya daban, jibi a ja katanga. Na ga yadda gidan ubana ya watse."

"Ban ce ku yarda da maganata ba. Gobe ku zauna ku gani. In ya kai loma biyar, ni da kaina zan ɗaure masa kaya."

Tana faɗa ta ji kamar ta haɗiye maganar. In tuwon gobe ya zo da sanyi fa?

Alhamis Hajiya ta jawo kujera, carbi a hannu. Aka ajiye tire. Sadiƙa ba ta kalli ɗanta ba, yatsun Hajiya take kallo. Taufiƙ ya kai loma ɗaya, ƙwayar carbi ɗaya ta wuce. Ta biyu. Yaron ya yi sa'ar wani gutsure da ya faɗo gefensa, ta uku. Ta huɗu. Sadiƙa ta riƙe bakin zane. Taufiƙ ya sake miƙa hannu, babban cikinsu ya ja tiren yana suɗewa.

Hajiya ta daɗe riƙe da ƙwaya ta biyar, ba ta sake ta ba. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Jumma'a da azahar Sharifa ta sauka daga babur a ƙofar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Inna, ina yaron? Mota ba ta jira."

Taufiƙ yana zaune jikin ƙafar Hajiya, da ƙaramin kwanon da ita kanta take ci a ciki, an fasa masa dafaffen ƙwai a kan tuwon.

"Abinci yake ci," in ji Hajiya, tana fifita kwanon da mafici. "Shi kuwa ba ya sauri. Ki sha ruwa ki kama hanya."