Sau Ɗaya Ya Tambaya

Daw Sein Pu ta shekara talatin tana sayar da itacen kwalliya na tanaka a kasuwar garinmu Pakokku. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda, Nyan Win, yana gyaran waya a Yangon.

Abin da ya cinye matar nan shi ne halin nan da muke kira anade. Duk muna da shi, amma nata ya yi yawa. Wani tsohon malami a unguwarmu ya ce asalin kalmar ƙarfi ne da ciwo: kana son abu wurin mutum, sai ƙarfinka ya yi ciwo, ka kasa buɗe baki don kada ka ɗora masa nauyi. Shi ya sa ba ma tayi sau ɗaya. Sai an yi maka sau uku kake miƙa hannu.

Saura mako guda bikin Thadingyut, lokacin da 'ya'ya ke zuwa su durƙusa gaban iyaye, Nyan Win ya bugo waya. Ina zaune ina taya ta tsintar wake.

"Inna, in zo bana?"

"Ga aiki, ga wahalar hanya. Yi zamanka, ɗana."

Ta riƙe wayar da hannu biyu tana jiran ya sake tambaya.

"To shi ke nan, Inna. Sai baɗi."

Shekara uku rabonta da shi. Na ce, "Yaya, kira shi mana. Yaran birni tambaya ɗaya suka sani."

"Ke dai, Ma Kyi, da wane bakin? Ai ya riga ya ce to."

Haushinsu ya kama ni, ita da shi. Na kwafi lambarsa a ɓoye don in wanke shi tas. Na danna, na kashe. Ba ɗana ba ne, ina ni ina shiga tsakani? Ashe ni ma ciwon nan gare ni.

Ranar bikin ta share gida, ta jera kyandir a bakin ƙofa, ta dafa miyar yakuwa da kifi da ɗan nata yake so, tukunya cike. Da la'asar na leƙa na same ta zaune kan tabarmar da iyaye ke karɓar gaisuwa, kwano biyu a gabanta. Tausayinta ya kama ni.

"Zo ki ci, Ma Kyi."

"Na ƙoshi, Yaya."

"Zo mana."

Kamata ya yi in bari ta yi na uku. Ban jira ba. Na zauna na jawo kwanon Nyan Win.