Mamman Na-Birai

Ku da kuka san Mamman Na-Birai a Ƙofar Kware kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya ƙare maka kallo ya yanke wane irin biri ne kai. Dogo mai sauri jan biri ne, mai surutu kirka, mafaɗaci gwaggon biri. Liman kaɗai ya tsira.

Ni ne amininsa tun muna yara, kuma na fi shi sanin birai, don ni nake tsaron gonar gero. Bayan Nasara sun ci Sakkwato, wani Bature ya zo neman wanda zai zaga da shi daji ya ga mazaunin birai, ya rarrabe iri-irinsu. Muka je gwaji mu biyu. Birai na hango ni suka watse, sun san majajjawata. Mamman kuwa suka zauna suna kallonsa kamar kawunsu ya zo. Shi aka ɗauka, har da ba shi jaki. Na daɗe tuwo bai yi mini daɗi ba.

Daga nan na rasa aboki. In na je hira, yana daji. Ranar sunan ɗana na fari sai da aka watse ya iso.

"Ina ka shiga, Mamman?"

"Kirka ta haihu, Bube. Ita ba ta da mai yi mata barka."

Da kaka garken birai guda ya faɗa mini gona. Na ɗaga hannu zan yi jifa, Mamman ya riƙe ni.

"Bari su ƙare, ban gane ba ko na bakin gulbi na ko na tudu."

"Gerona fa?"

"Gero duk iri guda na, mi za a dubawa gare shi?"

Wallahi na yi kishin biran nan, kishi na gaske, ni da gemuna.

Bature ya koma ƙasarsu, Mamman bai daina ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya aika a kira ni. Na tafi da sauri, na ce yau dai ni ake nema.

"Bube, tsohon jan birin ga mai guntun wutsiya, tahi ka dubo min shi."

"Ko yanzu ma su na?"

"To wa za ni aike? Kai ɗai ag gare ni."

Na tafi. Na sami tsohon a kan suri yana shan hantsi, lafiyarsa ƙalau. Na dawo da albishir, na tarar an rufe wa Mamman fuska.

Allah Ya jiƙan Mamman, Ya yafe masa. In mun haɗu can, Allah Ya sa ya zauna mu yi hira.