Muryar Malamina Da Na Tura Gida

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ɗan Talata Mafara, mai yawan tsoron kuskure. Ko aikin gida ne sai na karanta shi har ya gundure ni kafin in miƙa. Wataƙila wannan halin ne ya ja mini abin da zan faɗa.

Muna da wani malami da ke koya mana tarihin mallakar ƙasa. Wata rana yana bayanin tushen rikicin da ya addabi yankinmu, sai ya jero koke-koken makiyaya: burtalin da aka nome, mashayar da aka toshe. Daga nan ya juya ga manoma, ya ce babu koken da ya halatta kisa ko sace mutum. Ni kuwa rabin farko na maganarsa kawai na ɗauka a waya. Zuciyata ba ta kwanta ba, sai na tura wa baffana a Maradun, wanda ya san iyakokin gonaki, ina tambaya ko da gaske an nome burtali a wajenmu. Tambaya ce kawai, Allah shaida.

Baffa, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya kira ni yana huci. Ya ce ashe karatun da aka tura ni ke nan, in zauna wani mai takalmi sau-ciki da bai taɓa kwana a daji ba yana wanke ɓarayi. Kafin in yi bayani ya tura wa abokansa. Muryar ta kai Bakura, ta dawo Mafara da sabon suna: malamin 'yan bindiga. A wajenmu wannan suna kan iya kashe mutum.

Ba na ganin laifin baffa sosai, mai ciwo ne. Jami'ar ce har yau nake jin haushinta. Da maganar ta iso jami'a, na je wajen hukumarta da kaina na ce ni na ɗauki muryar, kuma akwai sauran maganar, ajinmu duka shaida ne. Wani babba ya ce in koma in yi karatuna, wai ƙura ake son ta lafa. Ba su kira ɗalibi ko ɗaya ba. Suka dakatar da malamin, ya kwashe iyalinsa ya bar jihar. Wanda ya gaje shi littafi kawai yake karanta mana, in an yi tambaya ya dubi hannuwanmu ko akwai waya.

Ban ce malami ya faɗi duk abin da ya ga dama ba, akwai iyaka. Amma in aji bai zama wurin da za a tona ciwonmu a duba shi ba, ina za a duba? 'Yan'uwa ɗalibai, in magana ta dame ku, ku ɗaga hannu ku tambayi mai ita yana tsaye. Ni ban ɗaga ba, kuma har yau ban san garin da yake ba balle in nemi gafararsa.