Rigar da Aka Ɗinka wa Littafin Baba a Fas

Daga Bomo zuwa Legas

Tun kafin zakara ya yi cara na kulle ɗakina a Bomo. Mu shida ne ɗaliban sashen zanen gine-gine da aka zaɓa mu bi malaminmu, Dakta Bala, zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, mu ga tsofaffin gidajensa mu auna su. Motar sashe za ta tashi daga Kwangila ƙarfe shida, amma sai da na fara hawa acaɓa zuwa Sabon Gari wurin Mama.

Na tarar da ita zaune a bakin ƙofa da fitila, littafin Baba a cinyarta. Littafin addu'o'i da waƙoƙin coci ne na Hausa, wanda Baba ya riƙe tun yana saurayi har ya rasu. Bangon ya mutu, roba ce kawai ke riƙe da shi. Baba kafinta ne a Chikaji, yakan ce duk duniya babu fata kamar ta Maroko, wata rana zai yi wa littafin riga da ita. Allah bai nufa ba.

"Auta, ungo. Ka cika masa maganarsa."

"Mama, garin Musulmi ne fa. Ga gicciye a shafin farko."

"To a Zariya garin su wa kake zaune? Kai dai nauyin baki ne ciwonka. Ka buɗe shi ka tambaya. In an ƙi, ka dawo mini da abina yadda yake. Shi kaɗai ya rage mini mai alamar hannunsa."

Gaskiya ta faɗa. Gefen shafukan ya yi baƙi daidai inda babban yatsan Baba yake sauka. Na naɗe littafin a cikin singileti na sa a jakar hannu.

Bayan Kaduna 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya ga tulin tef-tef na awo, ya ce, "Ku teloli ne?" Nura, abokin karatuna daga Tudun Wada wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Telolin gidaje, yallaɓai." Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Daga Abuja muka hau jirgi zuwa Legas, ranar ce farkon hawana jirgin sama. Ban saki jakar ba har muka sauka.

Kazabalanka zuwa Fas

Da hantsi washegari muka sauka Kazabalanka, muka shiga jirgin ƙasa. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai, cikin gonakin alkama da layukan itatuwan zaitun. Nura ya yi Islamiyya, don haka shi ne tafintanmu. Da ya tambayi mai duba tikiti tashar da za mu sauka, sai mutumin ya dafa ƙirji ya ce, "Amin!" Ashe Larabcin littafi Nura yake yi, su kuwa a kunnensu kamar liman ne a kan mumbari.

Tasi ta ajiye mu a bakin ƙofar tsohon birni, don mota ba ta shiga. Na tsaya baki buɗe. Ƙofa ce mai baka uku, an lulluɓe ta da tangaran shuɗi, zane a cikin zane, ido ya bi har ya gaji bai ga inda aka soma ba. Ta cikin bakan tsakiya kana hango hasumiya. Na taso ina ganin ganuwar Zazzau a kwance, sai ga tasu a tsaye tana aikinta.

Muna shiga, gari ya haɗiye mu. Lunguna ne masu ƙunci, wani in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Turawa ga su nan garke-garke da gajerun wanduna, kowane garke yana bin mai ɗaga lema. Can sai ka ji an yi tsawa a bayanka, ka manne da bango, alfadari ya wuce da tukwanen gas. Masaukinmu daga waje bango ne tsirara da 'yar ƙofa. Muna sunkuyawa muka shiga, sai ga tsakar gida mai hawa uku, ruwa yana tsiyaya a tsakiya, itacen lemo a gefe. Dakta Bala ya ce, "Kun gani? Halinmu ɗaya da su: kunya a waje, ado a ciki." Dirhami ɗari da hamsin kwana, har da karin kumallo na gurasa da zuma da shayin na'ana'a.

Cikin kasuwa

A nan tarbiyyar gida ta jawo mini wahala. Mu a Zariya ba a yi maka sallama ka wuce. A Fas kuwa kowane mai shago sallama yake yi, in ka amsa ka shiga hannu. Kafin azahar na sha shayi a shago huɗu, an shimfiɗa mini darduma har ta kai gwiwata, ni kuwa na kasa cewa ba saye na zo ba. Nura ne ya riƙa zuwa yana finciko ni.

"Ayuba, wallahi in na bar ka za ka gaishe da garin nan kaf, ka koma gida da raƙumi."

Da rana muka auna wata tsohuwar makarantar kwana ta ɗaliban ilimi. Ƙasa tangaran, tsakiya farar ƙasa da aka sassaƙa kamar aikin wuyan babbar riga, sama katako mai ƙamshi da ya yi baƙi don tsufa. Na ɗaga tef na sauke. Na tuna Baba da kurfinsa da madoshinsa, na ce da ya ga wannan da sai an fitar da shi da ƙarfi. Da la'asar muna kan soron masauki aka kira salla. Hasumiya ɗaya ta fara, wata ta karɓa, har garin duka ya ɗauka kamar ƙudan zuma. Ni da ba sallar zan yi ba, sai da tsikar jikina ta tashi.

Majema da mai ɗinkin littafi

Ranar Laraba muka je majema. A ƙofa aka miƙa wa kowa ganyen na'ana'a ya toshe hanci, don warin ba a magana. Daga sama kana ganin ramuka jere kamar na marinar Kano, amma ja da rawaya da fari, mutane tsundum a ciki har cinya suna taka fata. Littafin yana jakata, na wuce masu ɗinkin littafi biyu ban iya tsayawa ba. Nura ya lura.

"Me kake ɓoyewa tun Kwangila kamar mai kai kayan lefe?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ja ni wani lungu, shagon wani dattijo da ake kira Si Idiris, wanda da ƙyar ya ɗauki mutum biyu. Dattijon ya goge hannu a rigar aikinsa, ya cire robar, ya buɗe littafin ta baya, yana juya shafi daga ƙarshe zuwa farko. Na gani sarai, amma kunya ta hana ni gyara wa babba. Da ya kai kan gicciyen sai ya tsaya. 

Nura ya ce, "Yana tambaya, littafin ibada ne?"

"Ka ce masa e. Na babana ne, ya rasu. Kirista ne."

Si Idiris ya miƙe. Ya kwashe jakunkuna da takalman da ke kan kantar sama, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya ɗora littafin a kai. Sannan ya nuna wata wuƙa mai faɗi, ya ce zai datse gefen da ya yi datti. Ban san lokacin da murya ta fito mini ba.

"A'a! Kar a yanke. Hannunsa ne."

Nura ya fassara. Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya mayar da wuƙar. Muka shirya a kan dirhami ɗari biyu, ya ce in dawo Asabar.

Barin littafin ya fi kawo shi wuya, don lungunan Fas duk kamanninsu ɗaya. Na riƙe hanyar da kunne da hanci: ka bi ƙarar maƙeran tagulla har ta fara raguwa, ka juya inda ƙamshin katako ya tare ka, sai famfo mai tsagaggen tangaran. Kwanakin nan muka ci dambunsu na alkama da nama da kabewa, muka hau tudun bayan gari muka ga birnin a kwance kamar an zuba farar shinkafa a ƙwarya. Hankalina dai yana kan kantar nan.

Asabar

Hancina bai ba ni kunya ba. Si Idiris ya ɗauko littafin da hannu biyu. Jar fatar akuya, laushi kamar kuncin jariri, an buga tambarin ruwan zinariya a tsakiya, ga wani harshe na fata da ke naɗowa ya rufe bakin shafuka. Na buɗe ta fuskar da aka yi wa adon, sai ga shafin ƙarshe. Ya ɗinke shi yadda ake ɗinke littafin Larabci, gaba ya koma baya.

Nura ya riƙe ciki don dariya. "Kwana uku kacal a shagon nan, har littafin ya koyi karatu daga dama!"

Da dattijon ya gane, fuskarsa ta faɗi. Ya buga goshi, ya ce in bar masa kwana biyu ya warware. Jirginmu kuwa gobe da safe ne. Na duba gefen shafukan, baƙin yatsan Baba yana nan bai taɓu ba. Na ce a bar shi. Ya rako mu har bakin famfo yana ba da haƙuri.

Dawowa gida

Duk hanya, daga Kazabalanka har Kwangila, ina shirya yadda zan yi wa Mama bayani. Da yamma na isa Sabon Gari, na tarar tana tsince wake. Ta wanke hannu, ta karɓa, ta shinshina fatar, ta buɗe. Shafin ƙarshe shi ne albarkar da ake rufe sujadar coci da ita. Ta juya littafin, ta sake juyawa.

"Auta, me ya same shi?"

Na ba ta labari duka, har da farin ƙyallen da kantar sama. Ta ɗora yatsanta a kan baƙin yatsan Baba.

"Yadda suke yi wa nasu littafin ibada ya yi masa?"

"Haka ne, Mama."

"To ina kuskuren? Baƙo ya je, mai gida ya tuɓe rigarsa ya sa masa. Babanka kuma kullum sai an gama waƙa goma yake kaiwa ga albarka. Yanzu da ita za mu fara."

Ranar Lahadi na bi ta coci. Wata daga cikin zumuntar mata ta leƙo ta ce, "Maman Ayuba, kin riƙe littafinki a juye." Mama ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Shi ya je Maroko ya dawo. Ke iyakarki Kafanchan."

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Godiya ga Dakta Bala, da Nura wanda ya ara mini bakinsa, da dattijon da ya mayar da wuƙarsa cikin kube.