Gilashin da Na Musanya a Injin Katako

Kafin in lalace, ni mai gyara ne a Birnin Kudu. Rediyo, tocila, fanka, duk abin da aka kawo ina buɗewa. Daga baya masu sa tayil suka fara kawo min wata na'ura mai fitar da jan haske, wadda suke kira leza. A bakinta akwai ɗan gilashi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Shi ke baje ɗigon hasken ya zama miƙaƙƙen layi, haskensa ɗaya daga wannan baki zuwa wancan.

Da batir na fara cutar mutane, in cire sabo in sa tsoho. Sai wani ɗan kasuwa a Kano ya ce gilashin nan na asali yana da tsada, in na samu zai saya. Ya ba ni na roba in riƙa mayarwa. Na robar ma yana jan layi, amma tsakiya ce kawai ke haske, bakin biyu su dushe. Na musanya na mutane da yawa, ba wanda ya gane.

Wata rana Alhaji Ɗanladi, mai injin yankan katako a Gwaram, ya aiko kirana. Lezar saman injinsa ta daina kamawa, ita ce kuwa ke nuna inda zarto zai bi a kan gungume. Waya ce kawai ta tsinke. Na haɗa ta, na juya musu baya, gilashin ya shige aljihuna, na roba ya maye gurbinsa.

Malam Sale, dattijon da ke tura katako a injin, ya duba ya ce, "Malam, layin nan bai kai ƙarshe ba. Da har nan yake zuwa." Ya nuna inda yake ɗora hannunsa.

Na ce, "Hasken rana ne, Baba. In ta yi sanyi za ka gan shi."

Ya dube ni. Ya ce, "To, kai ne ka san aikinka."

Aka tayar da injin. Ina ɗaure jakata a babur, ina jin zarton na cin katako. Gungume na farko ya wuce. Na taɓa gilashin a aljihu, zuciyata na cewa in koma in ce a kashe. Na biyu ya wuce. Na buga babur. A na uku ne ƙarar zarton ta canza, sai salatin mutane.

Yatsu uku Malam Sale ya rasa a hannun dama.

Har asibiti na bi su ina jaje, gilashin na jikina. Bayan kwana biyu Alhaji ya kawo injiniya ya buɗe na'urar, ya ga gilashin na roba ne. 'Yan sanda suka tarar da gwangwani a shagona cike da gilasan mutane da ban kai Kano ba tukuna. Shekara biyu na yi a gidan yari.

Da na fito, na je Zandam, inda Malam Sale ya koma wajen 'yan'uwansa. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma sai da na faɗa maka."

Na tuba, ina kuma roƙon Allah gafara kullum. Samari masu koyon sana'a, ku saurare ni. Wanda ya miƙo muku kayansa bai san abin da ke ciki ba, ku ya yarda da ku. In kun ji zuciya ta ce ku koma ku faɗi gaskiya, ku koma nan take. Ni damar gungume biyu aka ba ni in koma, na tsaya ina saurare.