Rediyo Mai Aski da Kan Malam

Duk layin nan babu wanda ya san sunansa na gaskiya. Rediyo ake ce masa, in ka kira shi da wani suna ma ba zai waiwayo ba. Mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne tsakanin mai gyaran waya da mai guga: kujera ɗaya da ta daina juyawa hagu, madubi mai tsaga a gefe, sai bencin masu jira. Tun yana yaro kawunsa ya damƙa masa almakashi, wai in hannu ya samu aiki baki zai huta. Ina! Hannu ya ƙware, baki kuma ya ƙara wuta. Matarsa takan ce ko barci Baban yara yake yi, kanun labarai yake karantawa.

Tsallaken titi akwai wani gida mai shuɗin ƙyaure. Nan ake kula da mutanen da aka tsare aka gana musu azaba, waɗanda jiki ya warke amma zuciya na nan da ciwonta. Akwai wata ma'aikaciya a ciki da ke zama da su tana jin damuwarsu, Rediyo ya raɗa mata Anti Mai Saurare. In ta wuce sai ya ɗaga murya: "Anti, ke saurare ni magana, da mun haɗa shago ai da mun huta!"

Wata safiya sai ga ta a shagon, ta jira har benci ya watse.

"Aiki na kawo maka," in ji ta. "Akwai wani bawan Allah a wajenmu, malamin makaranta ne a da. Ya yarda in faɗa maka wannan kaɗai: a inda aka tsare shi askin dole aka yi masa, tun daga nan ba wanda ya sake taɓa kansa. Mahaifiyarsa za ta zo ranar Asabar, rabonta da shi tun kafin a kama shi. Ba ya so ta gan shi da wannan sumar."

"Aski dai? Anti, ni da na aske jariri yana tsala ihu!"

"Ban da kilifa, injin askin nan, ƙararta ce ba ya so. Kada ka tsaya a bayansa. Kafin ka taɓa shi ka faɗa masa."

Ya ce ya ji. Amma mai surutu da kunne ɗaya yake saurare, ɗayan yana jiran a ba shi fili.

Ya tarar da Malam a wani ɗaki mai labule ruwan ƙasa, dogo, siriri, suma ta cukurkuɗe har ta rufe kunnuwa. Suka gaisa hannu biyu. Rediyo ya bar kilifa a jaka, wannan kam ya tuna. Sai dai sabo turken wawa ne, hannu kuma ba ya shawara da mai shi: ya kaɗa ƙyallen aski fau, kamar yadda yake yi wa kowa, ya zagaya baya ya ɗaure a wuya. Kafin ya saki ƙullin, kujera ta kife. Malam na can lungun ɗaki a durƙushe, hannuwa bisa kai, yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri.

Wallahi Rediyo bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Babban mutum yana ba shi haƙuri, shi da ya yi ɓarnar!

Da ya koma, shago ya yi tsit. Mai guga ya leƙo ya tambaya ko wuta aka ɗauke. A gida matarsa ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Shi kuwa washegari ya koma wajen Anti kansa a ƙasa.

"Da laifina," in ji ta. "Ban ambaci ƙyallen ba. Na zauna da shi jiya, ya ce a sake gwadawa ranar Juma'a, amma a tsakar gida, inda zai riƙa ganin ƙofa."

Rediyo ya ɗaura ɗamara. Ya kama mai guga ya zaunar, ya koyi aski daga gaba da gefe, yana miƙa hannu ta saman kai kamar mai ciro kaya daga kan kabad. Mai guga ya tashi da ƙeya hawa biyu, ya wuni da hula yana tsine masa. Sannan Rediyo ya yanke wa kansa hukuncin da ba wanda ya sa shi: tunda rawar kai ce ta jawo, ranar Juma'a bakinsa alekum.

Ranar Juma'a aka ajiye kujera a inuwa, Anti ta zauna daura da su. Rediyo ya miƙa wa Malam ƙyallen ya yafa da kansa, ya ba shi ƙaramin madubi ya riƙe. "Zan fara ta dama," ya ce a hankali, daga nan ya ɗinke baki. Ba ka jin komai sai ƙas, ƙas na almakashi. Suma na zuba, gumi na karyo wa Malam. Can sai ya cafke wuyan hannun Rediyo.

Shi ke nan, in ji Rediyo a ransa, na sake ɓatawa.

"Maigida," in ji Malam, "ba kai ne nake jiyo surutunka tun daga tsallake ba? Don Allah yi magana. Su can, in suna aske ni, ba sa cewa komai."

Nan take Rediyo ya buɗe tasha. Ya kawo labarin surukinsa da ya sayi babur bai iya birki ba, ya shige shagon mai ƙwai. Ya kawo na ƙeyar mai guga. "Yanzu zan taɓa bayan kunne, Malam. To, mai ƙwan nan ya fito..." Da almakashi ya kai tsakiyar kai ya ga tabo, dogo, har biyu. Harshensa ya yi tuntuɓe, amma bai tsaya ba, ya dai bar gashin wurin da ɗan tsayi. Malam har ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Askin bai yi kyau ba, gaskiya ɗaya ce. Da a shago ne da Rediyo ya ce ba shi ya yi ba.

Ranar Asabar yana tsaka da aske wani direba sai tasi ta tsaya a bakin shuɗin ƙyauren. Wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara sanda. Malam ya fito tarbarta, ya rusuna a gabanta. Ta saki sandar ta faɗi, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar kansa, tana shafawa tana kuka. Rediyo ya kashe kilifa yana jira ya ga Malam ya zabura.

Malam bai janye kansa ba.